Kafso Goma Sha Huɗu

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina sauran?" tun kafin in wanke ido, ga shi nan, ku sarara min. Ke kuma da kika rantse cewa Malama ce ke zubar da maganinta a ɓoye, gyara zama, yau za ki nemi gafararta.

*

Karo na tara ke nan tun safe da Malama ta fito daga banɗaki tana dafa bango. Ta ƙirga, don malamar lissafi ce, ko ciwo take yi sai ta ƙirga. Abin da ya fita bai cika cokali ba, amma zafinsa kamar an barbaɗa mata barkono, kuma kafin ta kai kujera mararta ta sake cewa a koma.

A falo yayarta Nas na zaune, ko farin kayan aikinta ba ta cire ba. Mijin Malama, Injiniya mai gyaran firij, yana tsaye jikin wani mataccen firij da ya shekara biyu a falon yana jiran gyara, ya harɗe hannuwa kamar alƙali. A kan tebur littattafai ne jibge, a samansu takardar shiga jarrabawar ƙarin girma da za a yi gobe ƙarfe tara. Awa uku ake zaune, wanda ya fita kuwa ya fita ke nan. Shekara huɗu Malama tana jiran wannan rana, ga shi yanzu zaman minti ashirin ma ya gagare ta.

"Zauna," in ji Nas.

"Yaya, zaman ne ba ya yiwuwa."

"To tsaya. Kafso nawa likita ya rubuta miki?"

"Goma sha huɗu. Ɗaya safe ɗaya yamma, kwana bakwai, bayan an ci abinci."

"Yau kwana nawa?"

"Shida."

"Nawa kika sha?"

"Goma sha ɗaya. Saura uku."

"Ƙarya kike."

Malama ta saki bango ta dafe ƙirji.

"Ni, Yaya?"

"Ke fa. Maganin nan na san shi kamar yunwar cikina. Mace mai ciwon mafitsara ta sha shi kwana biyu zuwa uku, zafin ya lafa. Kuma yana rina fitsari, ya yi duhu kamar ruwan shayi. Naki ya rine?"

Malama ta saci kallon mijinta. Ko da aure ya shekara tara, akwai maganar da ba a son yi a tsakiyar falo.

"Ranar farko ya rine. Daga nan ya washe."

"To tun ranar farko kika daina sha."

"Wallahi ina sha! Ido nake rufewa in haɗiye, kin san yadda na tsani ƙwaya, amma ko sau ɗaya ban tsallake ba."

Injiniya ya yi gyaran murya. Dama tun ɗazu yake jiran a zo inda zai yi jawabi.

"Na faɗa mata, Yaya. Ku mata haka kuke."

Nas ta ɗago ta dube shi.

"Wato, wasu matan," ya gyara. "Da an ji ɗan sauƙi sai a yi jifa da magani. Ai ko firij ne ka zuba masa gas rabi, yau zai yi sanyi, gobe ya dawo maka da kuka. Ita ƙwayar cuta in ba a gama da ita ba, wayo take ƙarawa. A rediyo na ji."

Yana maganar yana sosa ƙaurinsa na dama da ƙafar hagu. Kwana biyar ke nan yana fama da dogon wando da safa a wannan zafin, yana ɗan ɗingishi, an tambaye shi ya ce jijiya ce.

Ran Malama ya ɓaci, ɓacin da ya fi zafin marar. A makaranta ta riƙe fitsari tun safe har a tashi, saboda banɗakin malamai ba shi da sakata, shi ya jawo mata ciwon tun farko. Ta yarda wannan laifinta ne. Amma a ce mata maƙaryaciya a kan maganin da take haɗiya tana yamutsa fuska, wannan kam ba za ta ɗauka ba.

Ta miƙa hannu saman firij ta sauko da 'yar ledar maganin.

"Ga na yamma nan. A gabanku zan sha, sai ku sa hannu a takarda."

"Kawo in gani," in ji Nas.

Ta karɓi kafson ta juya shi a tafin hannu. Ta ɗaga shi saitin taga. Ta jawo faranti, ta murɗa kafson ya rabu biyu, gari ya zubo.

Fari tas.

Nas ta ɗago farantin. Ta shinshina. Ta dangwala da ɗan yatsa ta kai bakin harshe.

"Garin maganin nan rawaya ne," ta ce a hankali. "Wannan madara ce."

"Madara?"

"Har da sukari."

Injiniya ya daki firij da tafin hannu.

"Jabu! Sun sayar mana da jabu! Wallahi yau sai na sa an rufe kantin nan, ina takalmina?"

"Wane kanti?" in ji Nas. "Ni na karɓo shi da hannuna a wurin aikinmu. A gabana aka ƙirga shi daga gwangwanin da ake ba kowa, kuma duk waɗanda aka ba sun warke. Madarar nan a gidan nan aka zuba ta."

Injiniya ya fasa neman takalmin.

Daidai nan aka ɗaga labulen ƙofar baya. Inna ce, mahaifiyar Injiniya, ta shigo da kazarta Gimbiya a hammata. Kazar da makon jiya take tsaye a lungu tana gyangyaɗi, fukafukai a zube, har an fara wasa mata wuƙa, yau ga ta tana sheƙi, tana kallon mutane ɗaiɗai kamar ta zo duba makaranta.

Inna ta ga faranti. Ta ga kafso a buɗe. Ta juya da kazarta.

"Inna, sannu da aiki," in ji Nas.

"Yawwa, 'yar nan. Na manta na bar ruwa a wuta."

"Inna, Gimbiya ta warware ke nan?"

"Ikon Allah."

"Da wane magani?"

"Addu'a."

Malama ta ƙura wa bakin kazar ido. Sai a lokacin ta tuna da kwanon ruwan kajin da ta gani a bayan gida kwanakin baya, ruwan ya yi rawaya shar. Ta yi tambaya, Inna ta ce tsatsar kwano ce. Kwanon kuwa na roba ne.

"Inna," ta ce, "ruwan kajin nan..."

Inna ta zauna a hannun kujera ta gyara wa kazar zama a cinya.

"To, tunda abin ya zama na taro. Ni dai ba sata na yi ba, ɗiba na yi."

"Inna!" in ji Injiniya.

"Kai rufe min baki. Kafso goma sha huɗu ga mace ɗaya? Likitocin nan ba su san zafin abu ba. Washegarin da ta fara sha na ji ta a kicin har da 'yar waƙarta, na ce alhamdulillahi ta warke, sauran ya zama rara. Ga baiwar Allah nan tana mutuwa a tsaye, ƙwai goma sha biyu ta bari a kwance. In zuba mata ido?"

"Nawa kika buɗe, Inna?" in ji Nas.

"Shida kacal. Kuma ban bar ta haka ba. Madara na ɗura mata, ta gwangwani, mai kyau, na ɗan sa sukari don kada ta yi lami. Da tsinken ashana na riƙa turawa, har idona ya yi ruwa. Madara ai gina jiki take. Ba ku ga kumatunta ba?"

"Kumburin kuka ne, Inna."

Maganganu sun taru a bakin Malama har suna tura juna. Da ɗalibarta ce ta yi wannan, da yau ta rubuta "ba zan ƙara ba" sau ɗari biyar. Amma uwar miji ce. Ta haɗiye su duka kamar yadda take haɗiyar kafso, ido a rufe.

"Ba komai, Inna," ta ce ta cikin haƙora. "Allah ya ƙara wa Gimbiya lafiya."

"Amin, 'yar albarka."

Malama ta juya da sauri ta nufi banɗaki. Karo na goma.

Daga can tana jin muryar mijinta ta cika falo.

"Haba Inna! Maganin mutum? Maganin da likita ya auna, ya ƙirga, ya ce kada a bar ko ɗaya? Wannan ai ganganci ne. Yanzu da wani abu ya same ta fa? Ni wallahi kunya ma ta hana ni kallon Yaya. Mutum ya sa hannu a ledar maganin wani, ina tausayi, ina imani?"

Da ta dawo ta tarar Nas ta buɗe kafso na biyu. Madara. Ta ɗauki na ukun, na ƙarshe, ta murɗa, ta kifa a faranti, ta ƙwanƙwasa da farce.

Babu abin da ya zubo.

"Wannan fanko ne," in ji Nas.

Inna ta leƙo ta duba, ta girgiza kai.

"A'a. Wannan ba aikina ba ne."

"Inna, ki tuna dai."

"Na ce ba nawa ba ne. Ni ina da tsoron Allah, ko ɗaya ban mayar babu komai a ciki ba. Dubi ma yadda aka rufe shi a karkace. Wannan aikin marar tarbiyya ne."

Malama ta shiga lissafin mutanen gidan. 'Ya'yanta 'yan biyu ba su isa saman firij ba ko sun taka kujera. Ba mai shigowa gidan. Malama ta dubi Nas, Nas ta dubi Inna, Inna ta dubi kazarta.

Gimbiya kuwa ta zame daga cinyar Inna ta dira ƙasa. Ta taka a hankali ta ratsa falo, ta tsaya gaban Injiniya, ta karkata kai, ta kai wa safarsa sara.

"Kai! Tafi can!"

Ta sake sara. Ta sake. Ba ƙafar take sara ba, wani abu take tsinta.

Malama ta sunkuya duk da ciwon marar. Ƙiyashi ne. Layi guda suka yi tun daga ƙarƙashin ƙofa, suka bi gindin firij, suka hau ƙafar Injiniya, suka bi safa suka shige cikin wando, wasu na hawa wasu na saukowa, kowa da ɗan farin abu a baki.

"Abban 'yan biyu."

"Na'am."

"Ɗaga wandonka."

"A gaban Yaya? Haba, Maman 'yan biyu, ina kunya?"

"Ƙafafu nawa nake gani a rana?" in ji Nas. "Ɗaga."

"Jijiya ce fa."

"Jijiyar ce ƙiyashi ke yi wa sallama?" in ji Inna. "Ɗaga mu gani, ɗan nan."

Ya ɗaga.

A ƙaurinsa ga wani ƙunan wuta nan mai faɗin murfin kofi, an dame shi da gari, wani wurin rawaya wani wurin fari, ya yi ɓawo. Ƙiyashi sun kewaye shi kamar masu cin kasuwa.

Nas ko matsowa ba ta yi ba.

"Salansar babur ce. Na wanke irinsa ya fi ɗari."

Malama ta miƙe tsaye a hankali. Shekara bakwai da suka wuce, tana da cikin 'yan biyu wata shida, mutumin nan ya zuba ta a kwata daga kan babur saboda yana gaida wani abokinsa da hannu biyu. Ranar ya durƙusa a gaban gadon asibiti ya rantse ba shi ba babur har abada.

"Babur," ta ce.

"Ba hawa na yi ba. Gwadawa na yi. Wani ne ya kawo firij a kai, ya ce in ji ƙarar injin."

"Da ƙauri ake jin ƙara?"

"Na ɗan zagaya layi ne kawai. Sau uku."

"Shi ne ba ka je an wanke maka ba?" in ji Nas.

"In je wurinku, Yaya? Kafin in dawo gida labari ya riga ni. Wani abokina ne ya ce a barbaɗa garin kafso, kwana biyu ya bushe."

"Wannan maganin a mafitsara yake aikinsa, ba ruwansa da ƙuna. Da ka barbaɗa shi da ka barbaɗa ƙasa duk ɗaya. Ga shi ka haɗa wa ƙwayoyin cuta da madara, ka yi musu walima."

"Shi ya sa nake jin ƙamshi-ƙamshi," ya ce a sanyaye.

Inna ta tafa hannu.

"Ina mai jawabin ɗazu? Ina tausayi, ina imani? Ashe tare muke kiwo a leda ɗaya! Ni ko ba komai na ceci rai. Kai ƙiyashi ka ciyar."

Malama ta jawo kujera ta zauna a bakin gefenta, ta ɗauki biro, ta juya bayan wani littafi. In abu ya fi ƙarfinta lissafi take komawa.

"Nawa ka buɗe?"

"Kamar uku."

"Abban 'yan biyu."

"Biyar."

Ta ɗago ido.

"Takwas. Rana ɗaya na juye su a murfin kwalba, nake ɗiba kullum."

"Wace rana?"

"Washegarin da kika fara. Da rana, kina makaranta."

"Ni da sassafe na yi nawa," in ji Inna, kamar mai neman lada.

"Nawa ne rawaya a cikin takwas ɗin?"

"Shida. Biyu farare, na ɗauka sabon samfuri ne."

Biron ya yi ta tafiya. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin amsa, yadda take koya wa yara.

"Goma sha huɗu. Na sha biyu ranar farko, saura goma sha biyu. Kaza ta sha shida. Ƙauri ya sha shida." Ta ajiye biron. "Ni mai ciwon, a kwana biyar na sha madara biyu da iska bakwai."

Sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har da hawaye, tana dukan littafi. Inna ta taya ta, Injiniya ma ya fara washe baki yana murna an huce.

Nas ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ga dariyar ta ƙare amma kafaɗun ƙanwarta ba su daina rawa ba, haƙoranta na haɗuwa, a falon da kowa ke gumi.

"Sanyi kike ji?"

"Kaɗan. A kashe fanka."

"Fankar a kashe take. Tun yaushe?"

"Tun jiya da yamma."

Nas ta zaro ma'aunin zafi daga jaka ta sa mata a hammata. Ta zagaya bayanta, ta shimfiɗa tafin hannu a ƙasan haƙarƙarinta na dama, ta ɗan buga da ɗaya hannun. Bugun bai kai na ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Malama ta ƙwalla ƙara har Gimbiya ta yi tsalle ta haye firij.

Nas ta zare ma'aunin ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"Nawa ne, Yaya?"

Nas ta goge ma'aunin. Ta mayar da shi jaka.

"Ciwon ya bar mafitsara, ina jin ya hau ƙoda. Ko da kafson na gaske ne yanzu, ba zai kai can ba. Asibiti za mu, a gwada fitsari da jini, likita ya canza magani. Ina zaton ta jijiya za a ba ki." Ta juya ga Injiniya. "Haɗa mata kayan kwana uku."

"Kwana nawa?" in ji Malama.

"Kin ji ni."

"Yaya, gobe ƙarfe tara..."

"Ƙoda ba ta san ƙarfe tara ba."

Yanzu kam kuka ne na gaske ya zo mata, ba ta kuma ɓoye shi ba.

"Shekara huɗu, Yaya. Wancan karon 'yan biyu na kwance da ƙyanda, ban je ba. Waɗanda na koya wa rubuta jadawalin darasi yanzu su ke duba nawa. Littattafan nan a kicin na karanta su, ina juya miya ina juya shafi. Na sha maganina yadda aka ce, ban yi wasa ba. Me na yi?"

Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

"Ki yafe ni, 'yar nan," ta ce. "Wallahi da na sani da na bar ta an yanka."

Daga saman firij Gimbiya ta yi wani ƙoƙoƙo mai cike da ƙoshin lafiya.

Injiniya ya durƙusa a gaban matarsa, wando a naɗe har gwiwa, ƙiyashi na ta harkarsu.

"Maman 'yan biyu, duk abin da kika ce in yi zan yi. Na rantse."

"Rantsuwarka ta wancan karon ma ga ta nan a ƙaurinka," in ji Nas. Ta rataya jaka. "Bari in tsayar da mota a bakin titi. Minti biyar na ba ku. Kai ma ka taho a kankare maka wannan madarar."

Ta fita. Inna ta shige ɗaki haɗa kaya tana jan hanci.

Malama ta share hawaye da bayan hannu. Ta miƙa hannu ta ɗauki takardar shiga jarrabawa, ta ninke ta huɗu, ta tura cikin rigarta. Sannan ta kamo kwalar mijinta ta jawo kunnensa saitin bakinta.

"Ka ce duk abin da na ce?"

"Duk abin da kika ce."

"Babur ɗin nan da ka gwada. Yana da gudu?"

Ya zaro ido.

"Maman 'yan biyu..."

"Daga ƙofar bayan asibiti zuwa zauren jarrabawa, minti nawa zai yi?"

Bai kai ga buɗe baki ba labule ya motsa. Nas ce tsaye a bakin ƙofa, ta dawo ɗaukar wayarta da ta manta a kan tebur.

"Maimaita," ta ce. "Ban ji da kyau ba."